Faifan da na fara jin ainihin muryar Gert Fröbe

Malamar da ke koya mana Jamusanci ce ta ba ni shawarar in riƙa kallon tsofaffin finafinai don kunnena ya saba. Sai na sayi faifan DVD na "Es geschah am hellichten Tag", fim ɗin 1958 mai hoto baƙi da fari, wanda Ladislao Vajda ya ba da umarni, Friedrich Dürrenmatt ya rubuta labarinsa. Sau uku na kalle shi cikin mako guda, duk saboda mutum ɗaya.

Da yawanmu mun san Gert Fröbe da fitowarsa a mugun attajirin nan na fim ɗin James Bond mai suna "Goldfinger" a 1964, amma muryar Turancin da muka ji ba tasa ba ce, ta wani ɗan wasan Ingila aka ɗora masa. A nan kuwa da bakinsa yake magana. Ya fito a Schrott, mai kashe ƙananan yara mata a dazukan Suwizalan, Heinz Rühmann kuma shi ne ɗan sandan da ya karɓi gidan mai a bakin titi don ya ɗana masa tarko.

Sai labari ya yi nisa Fröbe ke bayyana, amma da ya shigo sai da tsigar jikina ta tashi. Ga shi ƙato, amma a gaban matarsa ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da laifi. A daji kuma ya sa 'yar tsana a hannu, ya sassauta murya yana yi wa yarinya wasa. Wallahi a wurin nan na tsayar da faifan, na tashi na sha ruwa. Kana gani ka san ɗan dandamali ne: an haife shi a 1913 kusa da garin Zwickau na Jamus, ya fara da zanen labulen wasa a Dresden kafin ya hau dandamalin da kansa, ya rasu a Munich a 1988.

Inda faifan ya gaza: fassarar da ke ƙasan allo tana wucewa da sauri, kuma ba a saka ko taƙaitaccen tarihin 'yan wasan ba. Duk da haka kuɗina ba su tafi a banza ba. Sai dai kada a kunna shi a gaban yara.