Na'urar minshari da batirinta, kamar yadda na same su a Amurka

Yaya, barka da war haka. A gaida Hajiya da yara. Batun na'urar da Anti ta ce in bincika maka saboda minsharinka, ga abin da na sani, tunda ni ma da ita nake kwana yanzu.

A nan ba a ɗauki minshari abin dariya ba. Mutum ya ja ya ja, ya yi tsit, can ya zabura yana haki, mu sai mu ce gajiya ce. Likita kuwa cewa zai yi maƙogwaro ne ke toshewa a barci, kuma yana tafe da hawan jini. Mu direbobin tirela an fi matsa mana, don gyangyaɗi a kan sitiyari ba ya barin shaida. Gwajin ma a gida na yi: abu a yatsa, ɗamara a ƙirji, siririn tiyo a hanci. Idan numfashi na yankewa sau 5 zuwa 15 a awa, abin da sauƙi; ya kai 30, ya yi tsanani. Ba kuma shagon da zai sayar maka da na'urar sai da takardar likita.

CPAP ake ce mata, wani likita a Sidni ta Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Ba iskar asibiti take ba ka ba, iskar ɗaki take turawa ta takunkumi don hanya ta zauna a buɗe. Akwai babba, akwai ƙarama. Babbar ta gefen gado inshora na taimakawa wajen kuɗinta, sai dai da sa ido: na'urar da kanta take aika musu rahoto, kuma ana son a yi amfani da ita awa 4 a dare cikin kashi 70 na darare, in ba haka ba su janye hannu. Wani abokina a Ingila ya ce can NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, aro take ba su kyauta, jiran layi ne kawai.

Ƙaramar ta tafiya fa, AirMini ta kamfanin ResMed, giram 300 ce, tafin hannu ya ishe ta. Kuɗinta na kusan dala 1,000, inshora kuma galibi ba ruwanta, a ganinta kayan ƙawa ce. Babu batir a cikinta, daban ake saye. Masu sayen su ne mutanen da ke barin gida mai wuta su tafi daji irin Yellowstone su kafa tanti, har su biya kuɗin wurin, wai hutu. Abin da suke yi don nishaɗi ran Asabar, mu shi NEPA ke yi mana kullum ba tare da mun roƙa ba.

Shi ya sa ban ga dalilin ka sayi ƙaramar ba. Kai ba nauyi ne matsalarka ba, wuta ce. Babbar ta fi shiru, ta fi jure aikin kowane dare, tana kuma karɓar wutarmu ta gida ba sai da taransifoma ba. Kuɗin a zuba shi a batir. Abin da ya fi shan caji shi ne tukunyar ɗumama ruwa da ke jikin na'urar don jiƙa iskar, da tiyo mai zafi. Kashe su, batirin da bai kai ka asuba ba sai ya kwana har ya yi saura. A mota na lura cewa wayar da ke ɗaukar wuta kai tsaye daga batir ta fi bi ta inbata auki sosai. Da rana sola ta cika shi.

Babban batirin can gida za ka nema wajen masu kayan sola, don jirgi ba ya ɗaukar wanda ya wuce 100Wh (ma'aunin yawan cajin batir) sai da izini, iyakarsa 160, kuma a jakar hannu. In Allah ya kira ka Hajji, a nan ne ƙaramar za ta yi rana, musamman daren Muzdalifa.

Matatar iska zan haɗo da yawa, ƙurar hunturu ba za ta bar ta ta daɗe ba, da robar takunkumi ta canji. Akwai asibitocin da ke gwajin a Abuja da Legas. Ka yi, ka turo min hoton takardar ta WhatsApp, akwai mai zuwa gida kafin azumi.