Guzurin Daji Ga Mai Hawan Jini: Me Za a Saya, Me Za a Bari a Kasuwa?

Wanda ya yi niyyar shiga gandun dajin Gashaka Gumti don hawa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, ya san kwanaki zai yi yana kwana a tanti. Babu firji, babu mai tuwo-tuwo. Abin da ya ƙullo daga gida ko ya saya a garin Serti da ke kusa da dajin, shi zai ci. Mai lafiya ba ruwansa: katan ɗin Indomie, kifin gwangwani, kilishi, ya gama. Mai hawan jini kuwa, wannan jakar ce likitansa zai fara zazzagewa, domin yawancin abincin da ke jure kwanaki gishiri ne yake riƙe da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato miligiram 2,000 na sodiyam, sinadarin cikin gishiri da ke tayar da hawan jini. A jikin leda ko gwangwani sodiyam aka fi rubutawa. Ka ninka shi sau 2.5, ka sami nauyin gishirin. Ka riƙa duba layin giram 100. In sodiyam ya yi ƙasa da miligiram 120, ɗauki. Sama da 600, mayar wa mai shago kayansa.

A wajen nama ake yin asara. Kilishi sarki ne wajen daɗewa, ga rashin nauyi a jaka, amma labun da ake tsoma naman a ciki ya sha gishiri da magi, kuma da ruwan naman ya ƙafe sai gishirin ya taru a ɗan abin da ya rage. Ga shi ba a cin kilishi da lissafi. Ana hira ana yaga, sai a ga takarda ta zama wayam. Idan kana da mai kilishin da kuka saba, sa shi ya yi maka naka daban, ya rage gishiri, ya cire magi. Zai yi ƙorafi, amma zai yi. In ba haka ba, dambun naman gida ya fi mini kwanciyar hankali. Uwargida ce ke riƙe da ludayi: ta dafa naman da albasa, citta, tafarnuwa da masoro, a daka, a soya shi har ya bushe ƙarau. Sirrin daɗewarsa a suyar yake. Wanda ya soyu sosai, aka zuba shi a roba mai murfi, ba a sa masa jiƙaƙƙen hannu ba, yakan yi makonni. Na kasuwa kuwa shi da kilishi duk kanwar ja ce.

Banda ma zaɓi ne mai kyau, tunda hayaƙi ne ya busar da shi, sai dai wasu masu yi suna fara shafa masa gishiri. Gutsuri ka ɗanɗana kafin ka biya, ka kuma sansana, don akwai masu fesa wa kifi maganin ƙwari. Kafin a jefa shi tukunya a jiƙa shi a ruwan zafi a zubar. Kifin gwangwani yana tsaka-tsaki, yawanci miligiram 300 zuwa 500 a giram 100. Gwangwani ɗaya a raba mutum biyu, a tsiyaye man ko romon, ba laifi. Kullum dai a'a.

Abin cika ciki ba wuya. Garin kwaki, shinkafa, gumba, garin kunu da hatsin Oats wanda ba a haɗa shi da komai ba, duk kusan babu sodiyam a cikinsu sai wanda ka zuba da hannunka. Garin kwaki da madarar gari da soyayyar gyaɗa ko wuta ba ya buƙata, ranar da ruwan sama ya jiƙa itace za ka gode masa. Taliyar leda mai saurin dahuwa ita ce matsala: ƙulli ɗaya da sinadarinsa yakan cinye kusan rabin rabon yini, wani ma ya wuce. Mafi yawan gishirin yana cikin 'yar ledar ɗanɗanon, saboda haka in dole ce, zuba kashi ɗaya cikin uku, ka cike da albasa da barkono. Burodi da biskit ɗin kabin su ma da gishirinsu, ko da harshe bai ji ba.

Abin taunawa a hanya, dabino ne a gaba. Ba ya lalacewa da wuri, sodiyam ɗinsa bai taka kara ya karya ba, ga sinadarin fotasiyam mai taimakawa wajen sassauta hawan jini. Mai ciwon sukari ne kawai zai ƙirga ƙwayoyin. Busasshiyar aya, dakuwa da gyaɗa marar gishiri suna biye. Ƙuli-ƙuli sai an ɗanɗana, hannun masu yi ya bambanta. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, kada a yi tsimi da ita, gubar da ke cikinta hanta take ci.

Yanzu ga inda masu taka-tsantsan ma suke faɗawa. Mutum ya bar gwangwanin gishiri a gida yana jin ya yi abin kirki, sai ya cika aljihun jaka da magi, alhali kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne. Farin magi ma sodiyam ne, ko da yake bai kai gishiri ba. Kanwa kuma, da ake jefawa a wake da miyar kuka, ita ma sodiyam ce ta wata fuskar. Shi ya sa garin kunun tsamiya ya fi na kanwa dacewa da wannan tafiya. Don ɗanɗano, ɗauki daddawa, ka tambayi mai ita ko ta barbaɗa gishiri, sai busasshen tumatir, tattasai, kanumfari, tsamiya da lemon tsami. Yajin ma a daka na gida, don na sayarwa da magi ake ƙawata shi. Busasshen zogale da kuɓewa ba su da nauyi, su ne ganyenka.

Akwai gishirin da ake sayarwa a manyan shaguna wanda aka maye wani ɓangarensa da fotasiyam. Yana da amfani, amma ba na kowa ba ne. Mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin hawan jini irin lisinopril, losartan ko spironolactone, kada ya taɓa shi sai likita ya yarda, domin fotasiyam yana iya taruwa a jini ya rikita bugun zuciya.

Wasu sukan ce ai hawan dutse gumi ake yi, dole a ƙara gishiri. Ga yawancin mutane, abin da ke cikin dambu da kifi ya isa. Ruwa mai tsabta ne abin yawaitawa. Amma ka saka ledar ORS biyu ko uku a jaka. In gudawa ta kama mutum a daji, wannan ruwan gishiri da sukarin magani ne, hawan jini ba ya hana shansa. Mai shan ƙwayar sa fitsari ya gaya wa likitansa irin tafiyar da zai yi tun kafin ya ɗaura kaya, ya ɗebi magani da rarar kwanaki, ya naɗe shi a leda biyu saboda raɓa da ƙetare rafi.