Shagon gyaran inbatar moto da na gwada a Kano

Ina da ƙaramin injin casar shinkafa a Kura, motonsa kilowat 15, kuma inbata ce ke jan shi, irin wadda ake rage wa moto gudu ko a ƙara da ita. Tun da zafi ya shigo ta fara yanke wuta da azahar, allon fuskarta ya nuna lambar matsala OH. Wani lokacin kuma sai an zo kashewa ta buga OV. Mai gyaran farko ko murfi bai buɗe ba ya ce allon ciki ya ƙone, in nemi sabuwa. Wani abokin sana'a ne ya tura ni wani shago a ɓangaren Sharaɗa, shi ne nake so in ba da labarinsa.

Abin da ya fara burge ni, Injiniyan ya ƙi a ciro masa inbatar. Ya ce, "Alhaji, bar ta inda take, a can ciwon yake." Ya zo da mita da abin hura iska. Kafin ya taɓa komai ya shiga ma'ajiyar da na'urar ke rubuta laifukan da ta yi a baya, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kashe wuta, ya hana yaronsa kai hannu har minti goma ta wuce, ya auna ya tabbatar kapasitocin, wato ma'ajiyar wutar da ke cikinta, sun sauke. A wutar layi uku mai bolt 400, suna riƙe wajen bolt 560, kuma kashe makunni ba ya sa su huce nan take.

OH ɗin zafi ne kawai. Fankar bayan na'urar ta mutu, haƙoran alminiyon da ke fitar da zafi kuwa dusa da ƙura sun toshe su kamar an yaɓa laka. Duk mai casa ya san yadda dusa ke shiga ko'ina, har cikin kunne. Ya hure, ya sa sabuwar fanka, ya ce a ɗage akwatin daga kusa da bakin buhu.

OV ɗin, wato wuta ta yi yawa a cikin na'urar, ya fi ba ni mamaki. An saita na'urar ta tsayar da moto cikin daƙiƙa kaɗan, alhali fulen yana da nauyi. Idan ta matsa masa ya tsaya, sai moton ya koma janareto ya turo wuta baya, ita kuma ta yanke don kare kanta. Ya ƙara lokacin tsayawar, shi ke nan. Ya ce in ina son tsayawar gaggawa sai an haɗa mata resistan birki, mai cinye wutar da ke dawowa, amma aikina bai buƙata, kada in ɓata kuɗi. Ba kowane mai shago ke faɗin haka ba.

Da zai gwada lafiyar naɗin wayar moton da mega, mitar da ke tura wuta mai ƙarfi don gano ko wuta na zurara, sai da ya kwance wayoyi ukun daga jikin inbatar, domin wutar gwajin kan iya kashe ta. A nan ya tarar da ƙusa ɗaya ta saki, wajen har ya yi baƙi. Ya yanke, ya ɗaure sabon kai, ya kuma shigar wa inbatar lambobin da ke kan farantin moton, waɗanda wanda ya haɗa tun farko bai damu da su ba.

Inda suka gaza: samun Injiniyan a waya aiki ne, ya ce da safe, sai bayan la'asar ya iso, shinkafar mutane na jibge. Ba sa rubuta abin da suka canja a saiti sai ka matsa, ni sai da na sa yaron ya rubuta min a bayan rasit. Kuɗin zuwa daban, na fanka daban, kuma ba ragi. Duk da haka jimillar ba ta kusanci kuɗin sabuwar inbata ba. Mai zuwa wajensu ya ɗauki hoton lambar da allon ya nuna kafin ya sake kunnawa, ita za su fara tambaya.