Botar lemu ta shafa wa burodi: me ya kamata ki saya?

Toh 'yar uwa, botar nan mai zaƙi da ƙamshin lemu tun wajen sayayya ake gyara ta ko a ɓata ta, haɗin kansa bai wuce minti biyar ba.

Fara da botar. Ki juya kwalin ki karanta bayansa, ta asali daga madarar shanu take kuma maiƙonta kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari ne. Majarin kuwa da man tsirrai ake yinsa, ya fi sauƙin kuɗi kuma yana shafuwa ko yanzu kika ciro shi daga firij, amma irin mai laushin nan na cikin roba da aka rage wa maiƙo ruwa ya masa yawa, kina zuba zuma za ki ga abu ya tsinke. Ni dai bota marar gishiri nake ɗauka in barbaɗa gishirin da hannuna, don mai gishirin kowane kamfani da nasa awon.

Wajen lemu ne mutane ke yin kuskure, sai su tsaya neman mai ruwa alhali ƙamshin a bawo yake. Ki ɗan kankari bayansa da farce ki shinshina, in ƙamshi bai bugi hancinki ba ki ajiye shi. Lemun zaƙi ya fi sauƙin aiki, bawonsa da kauri kuma yara ba sa ƙinsa. Ƙaramin lemun tsami kore ƙamshinsa da kaifi amma bawon siriri ne, goga biyu kin kai farin nan na ciki, shi kuma ɗaci gare shi wallahi. Babban lemun tsami ruwan ɗorawa yana tsakaninsu. Tanjarin ƙamshi kam ba a magana, sai dai bawonsa sako-sako ne, yana yagewa a hannu kafin ki samu cokali ɗaya. Masu sheƙin nan sosai sau da yawa kaki aka shafa musu don kar su yanƙwane da wuri, ki dirje su da ruwan ɗumi ki tsane tukuna.

Farkon yi na rabin lemu na matse a ciki wai don ya ji sosai, ai kuwa botar ta dunƙule ƙulu-ƙulu tana iyo cikin ruwa, duk bugun da na yi ta ƙi haɗuwa. Yanzu giram 125 na bota mai laushi bawon lemu ɗaya nake goga mata, ruwan kuma ƙaramin cokali ɗaya, a hankali.

Sai abin zaƙi. Suga na shayi ba ya narkewa cikin maiƙo, ƙus-ƙus za ki riƙa ji a haƙori. Aisin suga, wato sugan nan mai laushi kamar gari, ya fi ba da santsi kuma ba ya danne ƙamshin lemun. Zuma tana da daɗi, babban cokali biyu ya isa, amma mai duhun nan ƙamshinta kan rinjayi na lemu, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba.

Gireta, wato abin goga bawon, ki nemi mai ƙananan huji. Mazubi kuma kwalba mai murfi da ke rufuwa gam ta fi roba, don bota akwai jan wari, in kika bar ta a buɗe kusa da albasa a firij gobe ba lemu za ki ji ba.