Peugeot 504 akori-kura: sharhina bayan na tashe ta a gida ta yi mini aikin shinkafa

Tambayar da aka fi yi mini a nan Argungu ita ce ko tashin tsohuwar Fijo akori-kura yana biyan kuɗinsa. Yana biya, amma da sharaɗi biyu: ƙashin motar ya kasance da lafiya, kuma mutum ya sami bakaniken da ya san injin ɗin tun zamaninsa. Idan ɗaya ya ɓace, gara a bar ta inda take. Na jinkirta rubuta wannan sharhi sai da ta yi rani da damina a hannuna, domin motar da ta fito daga fenti kowa yabonta yake yi, sai ta shiga hanyar fadama da kaya ake sanin aikin da aka yi mata.

Motar ta kawuna ce. Da ita ya yi jigilar albasa tsakanin Aliero da Jega da Birnin Kebbi, har ƙarfinsa ya ragu ya ajiye ta ƙarƙashin darbejiya, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da bayanta wurin kwana. Da na nemi ya sayar mini, cewa ya yi: "Ɗauki abinka, ɗana, amma kada ka kai ta wurin 'yan gwangwan." Wannan magana ce ta sa na ja ta zuwa gida maimakon gareji, na kafa rumfa a tsakar gida, aikin da zan iya na yi da hannuna da yarana, wanda ya fi ƙarfina na kira masu shi.

Abin da ya sa har yau ake iya tashin wannan mota a ƙasarmu yana cikin tarihinta. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 ta zama motar shekara a Turai, samfurin akori-kura kuma ya biyo baya a 1979. Kamfanin PAN mai haɗa Fijo da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. Saboda haka kayanta sun cika ƙasa, kuma duk garin da ka shiga a Arewa akwai dattijon da a kanta ya koyi kanikanci.

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka shiga ƙarƙashin motar da fitila da ƙaramar guduma. Ka ƙwanƙwasa wurin da sifirin na baya ke kamawa, da ƙarƙashin batir, da inda direba ke ajiye ƙafa, da gindin gilashin gaba, da ƙasan ƙofofi. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji shi ɗuf, wani lokaci gudumar ta faɗa ciki. A tawa, ƙashin ya tsira, amma daɓen baya ya tafi gaba ɗaya. Takin zamani ne ya ci shi: yana zuba daga buhu, ya ja raɓa, ya zauna a lungu yana cin ƙarfe a hankali. Duk manomin da ke ɗaukar taki a mota ya riƙa wanke bayanta a ranar.

Injin ne wurin da na fi jin daɗin motar, kuma nan ne na fi koyon abu. Silinda huɗu ne, na fetur, mai kafireta, an kwantar da shi gefe guda a cikin bonet. Babu kwamfuta, babu na'urar da sai an jona kafin a gane ciwonsa. Babban alherinsa shi ne silindojin ba a jikin bulok ɗin aka huda su ba, hannayen riga ne da ake zarewa, waɗanda makanikai ke kira laina. Idan sun cinye ba sai an kai bulok wurin masu injin gora ba, sai a zare su a sa sababbi tare da fistin da ringi, injin ya koma kusan sabo. Wannan ne ya sa aikin ya yiwu a tsakar gida.

Amma a nan ɗin ne kuma ake kashe Fijo. Ruwa yana zagaye lainar kai tsaye, kuma a gindin kowace akwai sil da ke hana ruwan gangarawa cikin baƙin mai. Dole bakin lainar ya ɗan ɗara saman bulok da abin da bai kai kaurin takarda ba, domin gasket ya danne shi daidai. Idan ta nutse, gasket zai ƙone. Idan ɗaya ta fi sauran tsawo, haka ma. Dattijon bakaniken da na ɗauko daga Birnin Kebbi ya shafe yini guda a kan wannan awo kaɗai, yana sawa yana cirewa. Da yarona ya kai hannu zai juya injin bayan an cire tof, wato murfin saman injin, sai ya riƙe masa hannu ya ce: "Yaro, bari! In kaj juya ta babu abin da ad danne laina, sai ta tashi, aikinmu duka ya koma baya." Gaskiyarsa: fistin na iya ɗago lainar, sil ɗin ƙasa ya saki, ba za ka sani ba sai ranar da ka ga baƙin mai ya koma kalar madara.

Tof ɗin na alminiyom ne, zafi yana lanƙwasa shi, don haka muka kai aka goge fuskarsa kaɗan. Ya saita tazarar bawul da injin a sanyaye, na shigar iska 0.10, na fitar hayaƙi 0.25 na milimita, ya kuma nuna mini cewa a wannan injin ana fara ƙirgen silinda ne daga ɓangaren kuloc, ba daga ɓangaren fanka ba. Yaran gareji da suka taso a kan motocin Japan sukan juya wannan lissafi, su haɗa wayoyin fulogi a karkace, mota ta yi ta tari su ce kafireta ce. Aikin wannan dattijo ban ga abin kushewa a cikinsa ba. Yana da jinkiri, kuma ba ya son a tsaya masa a kai, amma tun da ya rufe injin ba a sake buɗe shi ba.

Inda na sha wuya shi ne kayan gyara. Samuwa ba matsala ba ce: abin da babu a Birnin Kebbi ko Sakkwato za a same shi a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a sa maka a mota ya iso. Matsalar ita ce inganci. Kayan kashi uku ne a kasuwa: tsofaffin sababbi na asali da suka rage a shaguna, na Baljiyam da aka ciro daga wata motar, sai sababbi na kwaikwayo cikin kwali mai ƙyalli. Wani mai shago ya rantse mini famfon ruwan da ya ba ni na asali ne, bai kai ƙarshen rani ba ya fara zuba ta gindi, da na koma kuma ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Araha ba ta ado. Abin da na tsaya a kai yanzu: duk ƙarfe mai nauyi, irin su giyabos da aksul da kik, na Baljiyam mai kyau ya fi sabon kwaikwayo, duk abin roba da gasket da kayan birki kuwa sai sabo, kuma sai bakanike ya riƙe shi a hannu ya yarda kafin a biya.

Canji guda da zan ba kowa shawara a kai shi ne na wuta. Asalinta kontak take amfani da shi, ƙarfe biyu da ke buɗewa suna rufewa don ba fulogi wuta. Suna cinyewa, ƙura tana shiga, ga kontak ɗin kasuwa na yanzu ba ya daɗewa. Na sa an mayar da ita mai wutar lantarki marar kontak, tare da kwayil ɗin da ya dace da ita. Tun daga nan tashin asuba lokacin hunturu ya zama bugu ɗaya. Tsohon kayan na naɗe shi a tsumma na ajiye bayan kujera, saboda shi ana iya gyara shi a bakin hanya da sukudireba, sabon kuwa in ya mutu ya mutu.

Batun zafi ba abin wasa ba ne a Kabi, inda watan Afrilu ke wuce digiri 40. Na sa aka buɗe lagireto aka zuge bututansa, aka canza duk robobin ruwa. Fankarta ta asali tana kamawa ne da kanta idan injin ya yi zafi, amma mun tarar an riga an ɗaure ta tana juyawa kullum, na bar ta haka domin aikina na tafiyar hawainiya ne da kaya. A kan tamostat, ɗan ƙarfen da ke tare ruwa har injin ya yi zafi, muka yi gardama da makanikai. Al'adarsu su cire shi su yar, wai ƙasarmu da zafi. Ni na mayar da sabo, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba yana shan mai fiye da kima kuma yana saurin cinyewa. Na kuma daina zuba ruwan rijiya tsura, sai da maganin lagireto, saboda tsatsar da muka kwaso daga cikin bulok ɗin ta ishe ni gargaɗi.

Birki da ƙafafu ba su da dogon labari: sababbin robobi, sabon man birki, bushin, shakazoba, aka buɗe sifirin aka goge aka shafa giris. An ce in ƙara ganye uku a kowane gefe don ta ɗauki kaya da yawa, na yarda da ɗaya kawai. Ƙarin sifirin yana hana mota durƙusawa, amma ba ya ƙara wa birki ko aksul ko taya ƙarfi, kuma hatsarin da muke gani a hanyoyinmu da yawa daga nan yake farawa.

Mai fentin farko na sallame shi tun aikin bai yi nisa ba. Inda ya ga rami ko tsatsa sai ya cika da fila ya shafe, kamar mai yaɓe bangon da gara ta riga ta cinye. Irin wannan yana kyau wata biyu, sannan ya tsage ya faɗo da fentin. Na biyun ya yarda da yadda nake so: a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, mai walda ya sa sabo, a goge har ƙarfe ya fito fari, a fesa firaima mai hana tsatsa, fila kuwa sai ɗan abin daidaita fuska. Gugar samfefa mu muka yi da yara da yamma, wannan ya rage kuɗi sosai. Duk da haka aikin jiki da fenti ya kusan cin abin da injin ya ci, kuma nan ne lissafin yawancin mutane ke karyewa. Kada a yi feshi lokacin da hazo da ƙurar hunturu suka sauko, sai dai in akwai rufaffen ɗaki.

A baya na sa sabon faranti, na shimfiɗa katako a kai wanda ake cirewa a wanke ƙasa. Mai walda ya yi mini keji da ake kwancewa da noti, mai ƙugiyoyin ɗaure igiya da tamfol, don buhunan samfarera su zauna ba tare da sun leƙo waje ba. Wayarin gaba ɗaya sabo aka ja, da akwatin fiyus, domin tsohuwar waya da ɓeraye suka tauna ita ce ke cinna wa irin waɗannan motoci wuta. Na ƙara fitilar aiki a bayan kai saboda lodin dare, da wurin cajin waya. Kalarta ta asali, fara, na mayar mata. Uwargida ce ta zaɓi yadin kujera, kuma ta fi ni ido.

A hanya fa? Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi tana tafiya lafiya lau, kuma gabanta yana haɗiye gargada yadda ƙananan motocin yanzu ba sa yi. Da kaya ta fi daɗin tuƙi, in babu kaya bayanta yana tsalle. Sitiyarin yana da nauyi a tsaye, babu na'urar sanyaya ciki, kuma tayoyin baya kaɗai ke ja, saboda haka idan damina ta yi nisa ba na shiga da ita cikin laka, a bakin tudu nake tsayawa a fito da kaya da amalanke. Wanda gonarsa ke can cikin fadama, wannan ba motarsa ba ce.

Mai kuwa tana sha. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ya zama abin da za a auna kafin komai. Ko an saita kafireta yadda ya kamata, ba za ta yi tsimin motar zamani ba. Ni tana biya mini ne saboda ba yawo nake yi da ita ba: taki da injin ban ruwa zuwa gona, shinkafa zuwa gida da kasuwa, wani lokaci maƙwabta su yi haya. Wanda kayansa buhu uku ne ko huɗu, keke mai ɗaukar kaya ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda kuma zai kai wa gareji komai, ba zai taɓa sifana da hannunsa ba, kuɗin aiki kaɗai zai cinye ribar.

Takardu ma kada a bar su sai ƙarshe. Tun kafin a kwance komai a duba lambar shasi da ta injin sun yi daidai da abin da ke rubuce, a karɓi takardar shaidar mallaka daga mai motar ko da ɗan'uwa ne, kuma idan an canza injin ko kala a je ofishin lasisi a gyara. Nawa sun daɗe da mutuwa, sabunta su ya ɗauki lokaci, amma yanzu ina wuce jami'an hanya hankalina kwance. Abin da ya rage mini shi ne giya ta biyu da ke ɗan ƙara idan an sauko mata da sauri, dattijon ya ce mu bari a gama girbi sannan a sauke giyabos ɗin.