Ɗakin gwajin da ya raba mu da canki-canki a Aboabo

Wata uku Mma tana fama da zafin fitsari. Duk sanda ya taso sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso, ta sha kwana biyu, abin ya lafa, ta zuba sauran a gwangwanin Milo. Karo na huɗu maganin ya ƙi ci sam. Likita ya ce ba zai sake rubuta komai ba sai an gwada, shi ne muka nufi wani ƙaramin ɗakin gwaji a hanyar Aboabo, nan Kumasi.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Benci ɗaya ne a wurin jira, fanka ba ta aiki, bayin kuma sai ka zagaya baya, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ba su karɓi katin inshorar lafiya ba, na biya daga aljihu, kuɗin kuwa ya ninka na kafso sau da yawa.

Amma matar da ke aikin, 'yar Zongo ce, ta wanke musu laifi. Da Hausa ta yi wa Mma bayani: "Hajiya, kwana uku za ki ba mu. Shuka za mu yi." Mma ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ashe da gaske ake shafa fitsarin a faranti har ƙwayar cutar ta tsiro, sannan a ɗora 'yan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Wanda ya share fili kewaye da shi, shi ne mai ci. Ranar karɓar sakamako ta nuna mini farantin: E. coli ce, ta mamaye amoxicillin da ciprofloxacin har bakinsu, ko gezau. Nitrofurantoin ne ya share fili. Shi likita ya rubuta, a wannan karon kuma ni na tsaya a kan Mma har ta shanye.

Na tambaye ta, "Malama, wannan sakamakon ina yake zuwa?" Ta buga hannu a kan wani katon littafi, ta ce a nan yake kwana. Wannan ya tsaya mini a rai. An ƙiyasta cewa a 2019 ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina asara. Masu ƙiyasin da kansu sun koka da ƙarancin bayanai daga ƙasashe irin namu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jero tambayoyi 40 da take so masu bincike su amsa kafin 2030, ciki har da samar da gwaji mai sauri da araha. Ga KCCR, cibiyar binciken cututtuka, can a jami'ar KNUST, motar trotro ɗaya tsakani, ga kuma amsoshi a littafi suna cin ƙura.

Zan koma? Ƙwarai. Sai dai ka tafi da sassafe, kafin a sha ko ƙwaya ɗaya, don magani a jiki yana iya ɓata gwajin. Ka kuma riƙe wa tsohuwarka kujera. Gwangwanin Milo dai na ƙwace, Mma har yau ba ta yafe mini ba.