Taman Negara ko Dutsen Kinabalu? Ku shida, ga wanda za ku ɗauka

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku shida, hutun kwana biyar, kuna waswasi tsakanin kurmin Taman Negara da Dutsen Kinabalu a ƙasar Maleshiya: ku tafi Taman Negara. Na taka su duka biyun lokacin da nake karatu a Serdang, kusa da Kuala Lumpur, kurmin sau biyu, dutsen sau ɗaya, kuma har yau in na tuna kuɗin da na zuba a dutsen sai raina ya sosu.

Zuwanmu kurmin na farko a watan Yulin 2019 ne, mu bakwai: biyar 'yan gida, ɗaya ɗan Yaman, ɗaya ɗan Indonesiya. Daga Kuala Lumpur mota ta kai mu Jerantut cikin kamar awa uku, daga nan zuwa tashar jiragen ruwa ta Kuala Tembeling, inda muka shiga dogon kwalekwalen katako mai inji. Kusan awa uku muna haurawa kogin Tembeling, ruwan ja kamar shayin da ya sha madara, itatuwa sun tsare gaɓa biyu. Akwai titi da ke kaiwa har Kuala Tahan, ya fi sauri ya fi araha, amma ku shiga ta ruwa ku fito ta mota. Kuala Tahan ƙauyen Malayawa ne Musulmi, da masallacinsu, da gidajen abinci da ke yawo a kan ruwa, saboda haka maganar halal ba za ta ɗaga muku hankali ba. Gandun yana tsallaken kogi. A lokacin ringit ɗaya, wato kuɗin ƙasar, muka biya na tsallakawa, ringit ɗaya na takardar shiga, ringit biyar na izinin ɗaukar hoto.

Wurin ba ƙarami ba ne. Faɗinsa murabba'in kilomita 4,343, ya ratsa jihohin Pahang da Kelantan da Terengganu, wato ya kusa ninka Yankari. Turawan Ingila ne suka keɓe shi a 1938 zuwa 1939 da sunan sarkinsu George na Biyar, aka sauya masa suna bayan samun 'yancin kai a 1957. Amma duk wanda ya san Yankari ya ajiye wannan hoton a gida. A Yankari kana cikin mota kana hango giwa daga nesa. A nan da ƙafarka kake tafiya, kuma taku goma a gabanka ganye ya rufe komai.

Abin da ya sa nake cewa ku je shi ne tafiyar kwana biyu da ake kwana a kogo. Kwalekwale zai ƙara haurawa da ku zuwa Kuala Keniam, a sauke ku, ku taka kusan kilomita takwas zuwa kogon da suke kira Gua Kepayang Besar. Washegari ku ƙara wasu takwas ɗin zuwa Kuala Terenggan, inda jirgi ke jiran ku. Kada kilomita takwas ya yi muku kama da wasa. Zafin Sakkwato ko Maiduguri busasshe ne, ka yi gumi iska ta shanye. A kurmi gumin ba ya bushewa, riga tana manne a jiki tun safe, ga saiwoyi ga laka ga kututturan da sai an haura, kuma kowa yana goye da ruwan shansa da tabarmarsa da rabonsa na abinci.

Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu, mutum mai jiki, wanda bai taɓa doguwar tafiyar ƙafa ba. Muna wajen kilomita biyar ya zauna a kan saiwa ya ce shi kam ya gama. Ɗan jagoranmu bai yi faɗa ba, bai nuna gaggawa ba. Ya jiƙa masa gishiri da sukari a ruwa, muka zazzage jakarsa muka rarraba kayan a tsakaninmu, aka sa shi a gaba don kowa ya bi takunsa. Mun isa kogon rana ta kusa faɗuwa, amma mu bakwai muka shiga tare. Kogon kuwa kamar babban masallacin Juma'a, rufinsa can sama, jemagu na shawagi. Muka yi alwala a ƙoramar da ke kusa, ɗan Yaman ɗin ya ja mu Magariba da Isha a haɗe, ɗan jagoran ya shigo sahu. Karatun yana bugun dutse yana dawowa. Ban taɓa jin Fatiha ta cika wuri haka ba. Bayan sallah aka dafa shinkafa da miyar gwangwani a kan wuta, wani ya ciro ƙullin yajin ƙuliƙuli da ya taho da shi tun daga Zariya, ɗan jagoran ya ɗanɗana ya roƙi saura. Can cikin dare muka ji kwaramniya wajen tukwane, aka haska tocila, sai ga beguwa tana neman ragowar abinci. Wannan ɗan'uwan da ya ce ya gama, shi ne ya fara tashi da asuba ya hura wuta, kuma shi ne ya matsa mana muka koma a 2022.

Ba zan ɓoye muku matsattsaku ba. Suna nan, musamman in an yi ruwa, suna shiga ta bakin takalmi, ba ka ji sai ka ga jini a safa. Ba sa kisa, ɗan gishiri ya sa su saki. Ku sayi doguwar safar da ake yi dominsu, ku cusa ƙafar wando a ciki. Takalmi kuwa kada wanda ya ɓata kuɗi: baƙin takalmin roba mai ƙusoshi da suke kira Adidas kampung ya fi mai tsada riƙe laka, kuma shi 'yan jagora da yawa ke sawa. Manyan dabbobi ma kada ku sa rai. Mun ga kashin giwa a kan hanya, mun ga birrai da aladun daji da tsuntsaye dangin cilakowa masu ƙaton baki. Damisar Malaya kuwa hukumomi sun ce waɗanda suka rage a dawa a ƙasar gaba ɗaya ba su kai 150 ba.

Kinabalu yana da kyau, ba zan tauye masa haƙƙi ba. Tsayinsa mita 4,095, yana jihar Sabah a tsibirin Borneo, kuma UNESCO ta sa gandunsa cikin kayan tarihin duniya a 2000. In an yi sa'ar sararin sama, fitowar rana a ƙololuwarsa abin kallo ne. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Mu biyar muka je a 2023, shekarar da kuɗin izinin hawa na baƙi ya koma ringit 400. Wannan izini ne kawai. Sai kuɗin ɗan jagora, wanda dole ne, da makwanci da abinci a kan dutsen, da mota daga Kota Kinabalu wadda ke cin kamar awa biyu, da tikitin jirgin sama na awa biyu da rabi daga Kuala Lumpur. Kowannenmu ya kashe sama da ringit 2,000 ban da jirgi, alhali kwanan kogon nan da jirgin ruwa da abinci da ɗan jagora bai ci wa kowannenmu ringit 300 ba a 2019. Ku kuma da kuke shida, ɗan jagora ɗaya mutum biyar yake ɗauka a Kinabalu, ke nan biyu za ku biya.

Ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Dutsen raba tafiya yake yi. Ana tashi daga ƙofar Timpohon a mita 1,866, a hau matakala kilomita shida zuwa Panalaban a mita 3,272. Makwancin nan kaɗai ya fi Chappal Waddi na Taraba tsayi, dutsen da ya fi kowanne a Najeriya, mai mita 2,419. Jikin da ya saba da Kano ko Kuala Lumpur bai san wannan iskar ba, kuma ciwon tsayi ba ruwansa da ƙarfin mutum. Biyu daga cikinmu sun isa da azahar, ni sai bayan la'asar, wanda ya fi mu buga ƙwallo kuma ya iso yana amai, kansa kamar zai tsage. Ƙarfe biyu na dare aka tashe mu. Shi muka baro a gado, wani ya juya kafin shingen Sayat-Sayat, wanda in ba ka kai shi wajen ƙarfe biyar na asuba ba, ba za a bar ka ka wuce ba. Mu uku muka kai ƙololuwa, kowa shi kaɗai da igiyarsa da numfashinsa, cikin sanyin da hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba. Minti goma sha biyar muka yi cikin hazo muka juyo. A mota muna komawa babu mai magana, domin waɗanda suka kai suna jin nauyin yin murna a gaban waɗanda ba su kai ba. Kuma ku sani in ruwa ya yi ƙarfi da daddare ana rufe hanyar ƙololuwa saboda tsaron rai, kowa ya sauko haka nan. Tsaurin dokar yana da dalili: girgizar ƙasar 5 ga Yunin 2015 ta kashe mutum 18 a dutsen, cikinsu har da yara 'yan makaranta daga Singafo da 'yan jagora.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa: ku yi hankali da dillalai. Adadin waɗanda ake bari su hau Kinabalu a rana bai kai 200 ba, kuma gurbin a haɗe yake da gado a Panalaban, shi ya sa ake kamawa watanni kafin tafiya. Duk wanda ya biyo ka ta WhatsApp ko Facebook ya ce yana da gurbin mutum shida mako mai zuwa a rabin farashi, ka riƙe kuɗinka. Namu dillalin ya ce komai na ciki, sai da muka isa ƙofar gandu muka tarar izinin hawa da kuɗin ɗan jagora ba sa ciki, wayarsa kuma a kashe. Haka muka tsaya muna harhaɗa kuɗin aljihu. A Taman Negara ma akwai irinsu. Wani zai ce "ƙaramin rukuni", ranar tafiya ka ga an cusa ku cikin mutum ashirin. Wani zai yi maka alkawarin ganin giwa. Wani zai sayar maka da gadar igiya da ke rataye a saman itatuwa, mai tsawon sama da mita 500, bai gaya maka ana yawan rufe ta don gyara ko saboda iska ba. Ku nemi lambar lasisin kamfani daga ma'aikatar yawon buɗe ido, wato MOTAC, ku nemi ganin koren katin ɗan jagora, a rubuta muku abin da ke cikin kuɗin ɗaya bayan ɗaya har da adadin mutanen da za ku tafi tare. Kada ku tura kuɗi asusun mutum. Mu a zuwa na biyu sai da muka isa Kuala Tahan muka zauna da masu shirya tafiyar ido da ido, muka ce mu kaɗai muke so da ɗan jagora ɗaya, aka yi ciniki aka gama. Ku shida kun isa a ba ku naku.

Za a ce za a kai ku ƙauyen Batek, mutanen kurmin na asali, su nuna muku yadda suke kunna wuta da yadda suke harba ƙaramar kibiya ta bututu da iskar baki. Ku je, amma ku shiga da ladabin baƙo. Ku nemi izini kafin hoto, musamman na mata da yara, ku sayi abin da suka sassaƙa daga hannunsu.

Ga yadda zan raba kwana biyar ɗin. Ranar farko tafiya da kwalekwale. Ta biyu ku hau tudun Bukit Teresek don gwada ƙafa, da yamma ku shiga ruwan Lata Berkoh. Ta uku da ta huɗu kogo. Ta biyar dawowa. Kada wani ya zuga ku zuwa Gunung Tahan, dutsen da ya fi tsayi a yankin Maleshiya ta yamma, mai mita 2,187, domin daga Kuala Tahan kusan mako guda yake ci. In hutun naku ya faɗo tsakanin Nuwamba da Janairu ku ɗaga tafiyar, lokacin damina ce mai ƙarfi, kogin yana cika har a rufe hanyoyi. Daga Maris zuwa Satumba ya fi. In kuma wani cikinku ya nace sai Kinabalu, ya tara kuɗi ya yi atisaye ya je wata shekarar, ya riƙe fasfonsa a hannu domin Sabah tana da nata shingen shige da fice ko daga Kuala Lumpur ka taso.

Ku sa waya da fasfo a leda mai zif, kowa ya riƙe tocilar goshi da rigar barci busasshiya. Daga Kuala Keniam zuwa kogo babu sabis ko kaɗan. Ni ban sani ba a zuwan farko, mahaifiyata ta kwana tana kira ba ta samu ba, hankalinta ya tashi ƙwarai. Kafin ka shiga kwalekwalen Kuala Keniam ka kira Hajiya, ka gaya mata sai gobe da yamma za ta ji muryarka.